Wane ne mara lafiya a watan azumi?

Ranar sha bakwai ga azumin bara, bayan la'asar, na tarar da Baba zaune kan tabarma a zaurenmu na Badarawa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannu yana karkarwa har carbi ya suɓuce. Na soki yatsansa, na ɗiga jinin a na'urar awon suga. Ta nuna 62. Na miƙa masa dabino, ya kau da kai. "Saura sa'a biyu a sha ruwa, 'yar nan. Tun ina yaro ban taɓa karya azumi ba, sai yanzu da furfura?"

Tun ranar tambaya ɗaya take cina. A Suratul Baƙara Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame, ya sha ya rama. To wane ne mara lafiyar? Mai zazzaɓi kowa ya gan shi kwance. Mai ciwon suga kuwa da ƙafarsa yake zuwa tafsiri Masallacin Sultan Bello, ya yi tarawihi a tsaye, ciwon yana can cikin jini. Ayar ba ta yanke lamba ba. An bar wa bayi su nemo iyakar da iliminsu, kuma a ganina wannan nema ibada ce.

Akwai waɗanda suka nema. A shekarar 2001 likitoci daga ƙasashe 13, ciki har da Masar, Saudiyya, Fakistan da Indunusiya, suka haɗa hannu a binciken EPIDIAR, suka tattara bayanan masu ciwon suga sama da 12,000. Kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu, irin na Baba, sun azumci aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar suga ta ninka musu fiye da sau bakwai a watan. Yau ƙa'idar likitoci ita ce, in awo ya gaza 70 ko ya haura 300, a sha ruwa nan take.

Nijeriya ba ta cikin ƙasashen nan, abin yana damuna. Mu da kunun tsamiya da ƙosai muke buɗa-baki, mu yi sahur da ɗumamen tuwo, mu wuni cikin zafin bazara. Burina likitocin asibitin Barau Dikko da na Shika su haɗu da masanan Jami'ar Jihar Kaduna su auna namu, su kuma zaunar da masu tafsiri a teburin tun daga farko. Dattijo kamar Baba ba ya jin lamba sai ta biyo ta bakin malami.

Haka ma aka yi ranar. Na aika ƙanena ya kirawo limamin layinmu. Ya durƙusa gefen tabarmar, ya ɗauki dabinon da kansa, ya ce, "Alhaji, wanda Ya wajabta shi ne Ya sauƙaƙa. Bisimilla." Baba ya karɓa yana hawaye. Ya rama wannan rana cikin hunturu, bayan likitansa ya sauya masa lokacin shan magani.