Shi Ma Yana Da Haƙƙin Dubiya



In zazzaɓi ya kwantar da ɗayanmu a Babban Asibitin Kubwa, cika ɗakin muke da lemo da ayaba. In kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne, sai kowa ya yi gum, a ce rufin asiri ne. To asirin wa muke rufawa, nasa ko namu?

Wani ɗan'uwanmu a kasuwar nan ta Dutse Alhaji ya yi jinya a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna. Ya dawo shagonsa, wata-wata yana komawa ganin likita. Ya ce kuɗin mota da na magani duk da sauƙi. Abin da ya ci masa rai, ba wanda ya je dubiya, masu ba shi kaya bashi kuma sun janye.

Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani, don haka ruƙya ba ta hana zuwa asibiti. Sa wa mutum mari kuwa zalunci ne. A 2023 an sa hannu kan dokar kare irin waɗannan majinyata, amma dubiya tana wuyanmu.

Mu leƙa su, mu raka su ranar ganin likita, kada mu bari su ajiye magani don sun ji sauƙi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.