KA LEƘA RUDUNKA YAU?

Ya mai karatu, in kai mutumin Galmi ne, ko Malbaza, ko garuruwan kwarin Maggiya har zuwa Ƙonni, ba sai an koya maka sha'anin albasa ba. Ka san wahalarta tun daga zuba iri har dashe, da ban ruwa cikin sanyin asuba. Ka kuma san cewa a watan Maris da Afrilu, sa'ad da kowa ya cire tasa, buhu ba ya kuɗi. Manyan motoci suna ta ɗiba zuwa Abijan da Kumasi, amma abin da ke shiga aljihun manomi kaɗan ne. Don haka mai hali yakan zuba tasa a rudu, ya jira damina ta yi nisa, kuɗi ya tashi.

To, ka taɓa ganin wanda ya rufe rudu ya yi tafiyarsa, bai sake leƙawa ba sai ranar sayarwa? Manomin kirki yakan shiga a kai a kai, yana juyawa, yana latsa wuyan kowace. Akwai wadda fartanya ta sara, akwai wadda aka yanke wa ganye tun wuyanta bai bushe ba, akwai wadda ta sha takin zamani fiye da kima. Daga waje jajir take, kyakkyawa, amma ciki ta fara ruwa. In ba a fitar da ita ba, sai ta shafa wa na kusa da ita. Ranar da wari ya kai hancin mai wucewa, an riga an yi hasara.

Abokina, gidanka ma rudu ne.

Ka sayar da albasa, ba ka gaya wa uwargida ko nawa ka samu ba, sai a bakin rijiya ta ji. Ka daka mata tsawa a gaban yara. Ita kuma ta ajiye maka tuwo, ba ko sannu. Kai da ƙanenka kun yi ka-ce-na-ce a kan iyakar gona, tun bara gaisuwarku ta zama ta baki kawai. Kowa ya ce, "Ai ya wuce." Bai wuce ba. Yana nan a ƙarƙashin tari, yana ruɓewa. Ran Lahadi kuwa ku zauna a majami'a ɗaya, ku raira waƙa ɗaya.

Manzo Bulus ya san wannan cuta. A wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura 4, ya gargaɗi masu bi su kashe wutar fushi a ranar da ta kama, tun kafin duhu ya yi, domin fushin da ya kwana ƙofa ce ga Iblis. Ubangiji Yesu ya fi haka tsanantawa. A Matiyu sura 5 ya koya cewa mutumin da ya kawo baikonsa gaban Allah, ya kuma tuna akwai wanda ya ɓata wa rai, sai ya dakata da baikon, ya je su shirya tukuna. Ka lura, mai laifin ne aka ce ya tashi ya tafi. Ba a ce ya zauna jiran a zo masa da ƙara ba.

Maƙwabtanmu 'yan Katolika, waɗanda tun 2001 suke ƙarƙashin bishop na Maraɗi, suna da wata tsohuwar al'ada da ta cancanci mu duba. Wani sojan ƙasar Spaniya, Ignatiyus na Loyola, ya ji mugun rauni a ƙafa a yaƙi cikin 1521. A kan gadon jinya ya juyo ga Almasihu. Kafin rasuwarsa a 1556 ya koya wa almajiransa su riƙa binciken zuciyarsu kowace rana. Mutum ya fara da gode wa Allah saboda alherin ranar. Ya roƙi haske don ya ga kansa yadda yake. Sa'an nan ya bi ranar daki daki tun daga tashinsa barci: me na faɗa, me na yi, wa na ɓata wa? Ya nemi gafara, ya ƙudura gyarawa da taimakon Allah. Shiga rudu ke nan da fitila. Paparoma Faransis, wanda ya fito daga ƙungiyar da Ignatiyus ya kafa, ya kuma rasu a 2025, ya gaya wa taron iyalai a birnin Roma cikin Oktoba 2013 cewa abu uku ke riƙe gida: neman izini, da godiya, da neman gafara. Akwai abubuwan da muka bambanta da su. Su sukan kai zunubansu gaban fada, mu kuwa muna koyar da cewa kowane mai bi yana da hanya kai tsaye zuwa ga Uba ta wurin Yesu. Amma da su da mu, ba wanda ya ce maganar da ka yi da Allah ta ɗauke maka zuwa wurin wanda ka cuta.

A cikin ukun nan na ƙarshen ya fi nauyi a harshe, musamman harshen maigida. Muna da dabarun kauce masa. Wani ya sayo turmin atamfa daga kasuwar Ƙonni ya ajiye a kan gado. Wani ya shigo da tsire da dare yana wasa da yara. Kyauta aba ce mai kyau, amma kamar a zuba sabuwar albasa ne a kan ruɓaɓɓiya. Wanda ya yi ƙoƙari ƙwarai shi ne mai cewa, "Yi haƙuri." Ka auna maganar nan da kyau. Wa aka ɗora wa aiki? Wadda aka ɓata wa ita ce za ta ɗauki kayan, kai kuwa ba ka amsa kome ba. Maganar da ake bukata ita ce, "Uwargida, na yi laifi da na tsawata miki gaban yara. Ki yafe mini." Ka ambaci laifin da sunansa. Kada ka ɗaura masa wutsiya da "amma ke ma". Ɗan nan da ya lalatar da dukiyar ubansa, a Luka sura 15, bai komo gida da uzuri ba. Tun kafin ya kama hanya ya shirya kalmomin amsa laifinsa.

Kana tsoron girmanka zai zube? Yaronka da ya ga ubansa ya nemi gafara ya koyi abin da ba za a koya masa a makaranta ba. Wanda bai taɓa gani ba, haka zai yi wa tasa matar.

Ke kuma 'yar'uwa, in ya zo da maganar nan, kada ki mai da ita sandar dukansa. Ki tuna da bawan nan na Matiyu sura 18. Sarki ya yafe masa bashin talanti 10,000, abin da ba zai iya biya ba ko da ya yi ta aiki har mutuwa. Da fitarsa sai ya shaƙe abokin bautarsa saboda dinari 100, ladan ƙodagon kwana ɗari. Yafewa dai ba ita ce yin shiru a kan zalunci ba. In duka ya shiga gida, ko an hana ki da yara abinci, ki kai maganar gaban fasto da dattawan ikilisiya. Ɓoye irin wannan ba haƙuri ba ne.

A wuri ɗaya misalin rudu ya kasa. Albasar da ta ruɓe ba ta gyaruwa, juji ne makomarta. Allah kuwa ba ya jefar da mai zunubi. Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye saboda zunubanka, ya tashi daga matattu, yana kuma ba da sabuwar zuciya ga duk wanda ya tuba ya gaskata da shi. Wanda ya san an yafe masa babban bashi, bakinsa ba ya nauyi wajen amsa ƙaramin.

Yau da dare, bayan an ci tuwo, yara sun kwanta, ka zauna kai kaɗai. Ka gode wa Allah. Ka bi ranarka tun daga asuba. In sunan wani ya faɗo maka a rai, ka faɗa wa Ubangiji laifin, sa'an nan ka tashi. In a cikin gida yake, ɗakinsa ba nisa. In ƙanenka ne a wancan gari, gobe da sassafe ka biya ta wurinsa kafin ka wuce lambu.