Ba a Shiga Jami'ar Amurka da Ƙafa Kaɗai

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani yaro ɗan Damagaram ya tsare ni a teburin mai shayi a unguwar Tahaggart. Ya zaro takarda daga cikin leda, ta sha ninki har ta fara tsagewa, ya ce, "Kawu, karanta mini, Turanci ne." Wai wata jami'ar Amurka ce ta ɗauke shi ƙwallo. Shekara uku ke nan da barinsa lakwal (makaranta), ko jarrabawar BEPC bai zauna ba. Kuɗin leburancin wata takwas ya danƙa wa dillali, shi kuma ya rage masa shekara huɗu a takardar haihuwa. Rage shekarun kyauta ce, in ji yaron.

Ba shi ne na farko ba a Tamanrasset, kuma abin yana yaɗuwa kamar wutar daji. To, iyaye da masu masauki, ku buɗe kunne.

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin manyan jami'o'in Amurka, takardun makaranta take fara dubawa kafin ta kalli ƙafar kowa. Sai ɗalibi ya kammala sakandare, ya ci darussa 16 da ta ƙayyade, ciki har da harshe da lissafi da kimiyya, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 a rukunin farko na jami'o'in, 2.2 a na biyu. Ɗan waje kuwa sai ya miƙa sakamakonsa tun daga shekara ta tara ta karatu, da fassarar Turanci layi bayan layi, da shaidar kammalawa: WAEC ga ɗan Najeriya, bakaloriya ga ɗan Nijar ko Aljeriya. Dillalin ya ce wa yaron an soke jarrabawa. Ya fake ne da guzuma: a 2023 an cire sharaɗin jarrabawar SAT da ACT, amma darussan nan 16 suna nan daram. Biza ma sai jami'ar ta aiko takardar I-20, mutum ya tsaya da kansa a ofishin jakadanci. Na Aljeriya yana Aljas, kusan kilomita 2,000 daga nan.

Rage shekaru kuma, wa zai ruɗa? A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin ƙashin wuyan hannu na tantance shekaru, ana gab da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fitar da su. Ƙasa guda mai riƙe da kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a lokacin ke nan, balle ɗan leburan da ba shi da kowa.

Ku dillalai, ku ji tsoron Allah. Kun san takardar nan ko a shingen jami'an tsaro ba ta hana a loda yaro a mota a wuce In Guezzam da shi, a sauke shi cikin rairayi ya taka kilomita 15 zuwa Assamaka a Nijar.

Na karanta wa yaron takardar har ƙarshe. Sunan jami'ar ma ba a rubuta shi daidai ba. Na ce, "Yaro, koma gida ka nemi lakwal." Ya mayar da ita cikin ledar a hankali, ya ce, "Kawu, me zan ce wa Inna? Awakinta ta sayar."