Man da Ke Cikin Kaskonki

Ɗiyata, na ji kin kafa kasko a ƙofar gida kina tuyar ƙosai, Allah ya sa albarka. Kada ki bari kowa ya raina miki sana'ar nan, domin duk inda ɗan Adam ya samu mai da wuta, sai ya soya wani abu. Misirawa wakensu na ful suke jiƙawa, su markaɗa da ganye su soya, su ce ɗa'amiyya. A Bahiya ta ƙasar Brazil kuwa, ƙosan nan naki ne, wanda Yarbawa ke kira akara, ya tsallaka teku tare da bayin da aka kwashe. Har gobe mata masu fararen kaya na toya shi da manja a bakin titi, kuma a 2005 hukumar adana al'adun ƙasar ta sa sana'arsu cikin abin gadon ƙasa.

To amma maganar mai ce ta sa na zaunar da ke. Mutanen Japan suna da wata suya ta kifi da kayan lambu da ake tsomawa a ƙullu, tempura, wadda Turawan Fotugal suka kai musu a ƙarni na 16. Gwanin wannan suya da ruwan sanyi yake dama ƙullunsa, ya tsare zafin mai tsakanin digiri 170 zuwa 180, matsami kuma ba ya barin hannunsa, da ɓurɓushi ya taso sai ya kwashe. Ba fi'ili ba ne. Ɓurɓushin nan da ke ƙonewa a gindin kasko shi ke baƙanta mai ya sa masa ɗaci. In mai bai yi zafi ba ƙosai ya sha shi ya yi nauyi, in zafin ya wuce kima baya ya ƙone ciki na ɗanye.

Na san mai ya yi tsada, na kuma san ba mugunta ke sa mace ta riƙa ɗora sabo a kan tsoho kullum ba, lissafin riba ne. Sai dai man da ya yi baƙi ya yi kauri, yana kumfa, yana tashin hayaƙi tun bai gama zafi ba, ya riga ya lalace, kuma masana lafiya sun daɗe suna jan kunne a kan cinsa. Ɗan makarantar da ke miƙo miki kuɗin karyawarsa da mai azumin da ke jiran kiran sallah ba sa leƙa kaskonki, ke suka yarda da ita. Don haka ki riƙa zuba daidai buƙatar ranar, in kin tashi ki bari ya huce ki tace, ki rufe shi nesa da rana, kada kuma ki haɗa man kifi da na ƙosai. Ranar da ya baƙanta, ki daure ki haƙura da shi, ko da zuciya na ce miki zai ƙara kwana ɗaya.

Sai abin naɗi. Turawan Ingila sun shekara da shekaru suna ƙunshe soyayyen kifi da dankali a tsohuwar jarida, daga baya suka bari saboda tawada da rashin tsabta. Ke ma ki nemi farar takarda mai tsabta, maƙwabta kuwa ki roƙe su su riƙa aiko yara da kwano.