Bututun da Ke Tsallake Gaɓa

A Kadawa, idan rani ya kama aka saki ruwa a kanal, za ka ga manomi riƙe da wani lanƙwasasshen bututun roba. Zai nutsa shi har ya cika, ya toshe bakinsa ɗaya da tafin hannu, ya yi wuf ya ɗora shi kan gaɓa, sannan ya saki. Sai ruwa ya hau, ya tsallake, ya gangara cikin fagen tumatir. Ba inji, ba fetur, gaɓa kuma tana nan daram.

Ikon Allah, sharuɗɗansa biyu ne kacal. Dole bakin waje ya yi ƙasa da saman ruwan, kuma kada iska ta shiga. Mai gajen haƙuri kan ɗauki fartanya ya fasa gaɓar. Ranar nan gonarsa za ta sha har ta ƙoshi, amma na ƙarshen kanal su kwana suna kallon busasshiyar laka.

Shin ba haka ƙasa ke zama da maƙwabciyarta ba? Ruwan nan daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974. Abin da Kura da Bunkure suka rage shi ke bin Haɗeja da Nguru, ya faɗa Komadugu Yobe, kogin da ya raba Najeriya da Nijar wajajen Diffa, kafin ya kai Tafkin Chadi. A nan mu ne na sama. A kogin Kwara kuwa, sai ruwa ya ratsa Yamai kafin ya iso Kainji. Hukumar Tafkin Chadi ta 1964, da yarjejeniyar raba ruwa da aka sa wa hannu a Maiduguri a 1990, duk irin bututun nan ne: iyaka na nan, amfani na tsallakawa.

A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, iska ta shiga. Aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, kasuwa ta yi sanyi daga Jibiya har Maraɗi. A Maris 2024 Najeriya ta ɗage takunkumin, amma har yau ruwan bai koma gudu yadda yake ba.

Idan bututu ya sha iska a Kadawa, manomi ba ya jira bututun ya tashi da kansa. Yana naɗe wando, ya sunkuya har gwiwarsa ta taɓa laka, ya sake nutsa shi.