Jami'a: Don Me Aka Kafa Ta?

Idan yaro ya sami gurbin shiga jami'a akan yi murna a gida, har a kai baikon godiya gaban ikkilisiya ran Lahadi. Amma ba safai ake tambaya ba, ita jami'ar don me aka kafa ta? Alhali kuwa amsar wannan tambaya ce takan nuna inda makarantar za ta dosa.

An kafa Harvard a Amurka a 1636, babban burin magabatanta kuwa shi ne kada ikkilisiyoyinsu su rasa fastoci masu ilimi. A 1810 aka buɗe Jami'ar Berlin bisa tunanin Wilhelm von Humboldt, cewa malami ba mai miƙa abin da ya gada kaɗai ba ne, mai bincike ne. Wannan tunani ya ƙetare teku har ya rinjayi Harvard. Ba wanda ya kori fastoci da sanda; manufa ce ta sauya, sai darussa da irin malaman da ake ɗauka suka bi sawu. Yau sashen tauhidi ƙaramin ɓangare ne a can.

A nan Afirka ta Yamma, mishan na CMS suka buɗe Kwalejin Fourah Bay a Saliyo a 1827, Samuel Ajayi Crowther yana cikin ɗalibanta na farko. Da aka buɗe ta Ibadan a 1948, ƙasa tana ƙishin ma'aikata, sai digiri ya zama mabuɗin ofis da mota. Tunanin ya zauna daram a zukatan iyaye, ko da yake guraben aiki sun daɗe da kasawa. In takarda ce kaɗai abin nema, me zai hana ɗalibi satar jarrabawa, ko malami sayar da maki? Kowannensu gajeriyar hanya ya bi zuwa abin da aka ce masa shi ne burin.

Tun 1999 da gwamnati ta ba Babcock lasisi, ikkilisiyoyi suka shiga fagen: Baptist da Bowen a Iwo, ECWA da Bingham a Karu a 2005. Yanzu tambayar ta shigo gida. Gwauruwar da ta ba da baikonta don gini, ɗanta zai iya shiga? Gaskiya ne, ɗakin gwaje-gwaje da albashin farfesa ba sa biyan kansu, kuma ba kowane kuɗin makaranta mai tsada ne haɗama ba. Duk da haka, majalisar da ta ɗauki jami'a a matsayin hidima za ta fara ware tallafin marayu da 'ya'yan masu bishara na karkara kafin a zana sabuwar ƙofa. Wadda ta ɗauke ta a matsayin hanyar samun kuɗi za ta cika azuzuwan da kasuwa ke so, ta bar horon malamai, aikin gona da nazarin harsunan gida su bushe, ko da ana sujada kowace safiya a harabarta.