Ɓatan Hanya a Cikin Rubutu: Laifin Wa?

Wata rana bayan sallar isha na zauna shirya darasin tarihi da zan koyar washegari. Abu ɗaya kawai nake nema a waya, wato watan da sojojin Turawa suka ci Kano a 1903. Ina cikin karatu sai ga sunan Gwamna Lugga da shuɗin rubutu, na taɓa shi. Ashe ya yi gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912. Na taɓa Hong Kong, ta kai ni ga yaƙin da Ingila ta yi da Sin a kan cinikin ƙwaya, yaƙin kuma ya kai ni ga tarihin ganyen shayi. Ban farga ba sai da dare ya raba. Da na ajiye wayar sai na rasa abin da ya kai ni tun farko.

To, 'yan uwa marubuta, laifin wa ke nan? Nawa, ko na wanda ya shuka mahaɗai a kowane layi?

Wannan ciwo ya girmi wayar hannu. Tun 1945 wani Ba'amurke masanin kimiyya, Vannevar Bush, ya yi tunanin wata na'ura da ya kira Memex, wadda za ta riƙa ƙulla takardu da juna kamar yadda tunanin mutum ke tsalle daga wannan batu zuwa wancan. A 1965 Ted Nelson ya raɗa wa irin wannan rubutu mai mahaɗai suna, kuma a 1989 Tim Berners-Lee ya gabatar da shirin da ya zama yanar gizo. Amma tun 1987 Jeff Conklin ya bayyana illoli biyu: mai karatu yakan rasa inda yake, sannan yakan gaji da yanke shawara a bakin kowace mararraba, in bi ko kada in bi.

Abin lura a nan shi ne, Bush bai yi nufin a saki mutum a daji ba. A tunaninsa masani zai bi takardu ya bar sawu, ya miƙa wa aboki wannan sawun ya bi. Mun sami mahaɗan, jagoran ne ya yi ƙaranci.

Mu ma ai ba baƙin rubutu mai rassa ba ne. Duk wanda ya zauna a zaure ya ga littafin fiƙihu, matani a tsakiya, sharhi a kewaye, wani lokaci har da hashiya a kan sharhin, kowanne yana tura ka zuwa wani littafi. Me ya hana ɗalibi ɓata? Malam yana zaune, shi ke cewa tsaya nan, wannan sai ka sauke Risala. Haka kuma Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937: labari ne a cikin labari, amma komai nisan da aka yi, akan dawo da kai wurin aku da Musa. Marubucin ya ɗauki nauyin komo da mai karatu gida.

Saboda haka ni a ganina tsara magana amana ce, ba kwalliya ba. Idan marubuci ya ce wannan ne farko, wancan ne na biyu, ya yi hukunci ke nan, kuma ana iya kama shi da shi. Wanda ya watsa mahaɗai ashirin a shafi guda ya ce kowa ya zaɓa, sau da yawa gudun wannan hukuncin yake yi, ya kira shi 'yanci. Balle kuma inda ake samun kuɗin talla gwargwadon daɗewar mutum a shafi. Can ɓatanka riba ce ga wani.

Sai dai ba zan wanke kaina ba. Ba yawan hanyoyi ne ya ɓatar da ni ba, sakin tambayata na yi. Matafiyin da ya san garin da ya nufa yana iya ratsewa ya sha ruwa a ƙauye ya koma kan hanya. Kuma gaskiya, ban yi nadamar sanin zaman Lugga a Hong Kong ba, domin ya nuna mini cewa mulkin mallaka ma'aikata ne ake yi wa canjin wurin aiki, kamar yadda ake yi mana mu malamai. Irin wannan tsintuwa ba ta samuwa ga wanda bai taɓa ratsewa ba. Wahalar ita ce, a lokacin da kake ciki ba ka iya bambance ratse mai amfani da shiririta, duka biyun daɗinsu ɗaya.

Washegari na shiga aji na ba su labarin Hong Kong da shayi, suna ta jin daɗi. Can sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to a wane wata aka ci Kanon?" Sai da na koma ofis na buɗe tsohon littafin tarihi na ga Fabrairu ne.